Yadda ma'aikacin agajin gaggawa a karkara zai sabunta takardunsa kafin su mutu

Duk inda muka haɗu da abokan aiki, a wurin bita ne ko a bakin ɗakin haɗari muna jiran a karɓi majinyacin da muka kawo, tambayar ba ta wuce ɗaya: "Malam, takardata ta kusa mutuwa, ta ina zan fara?" Wani ma sai ta shekara da mutuwa yake tambaya, ranar da wata ƙungiya ta zo ɗaukar ma'aikata ta ce kowa ya kawo shaida mai rai. Amsawa ɗaya-ɗaya a waya ta ishe ni, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su. Da mai aiki a motar ɗaukar marasa lafiya nake, da mai tsaron ɗakin gaggawa a asibitin karkara irin namu na Kano da Jigawa, inda daga kai sai direba, asibitin da za ku miƙa majinyaci kuma sai an yi tafiyar awa guda ko fiye. Zan riƙa cewa "kai", amma 'yan'uwa mata masu wannan aiki har da ku.

1. Baje takardunka, ka san wacce ce wacce

Ɗauko jakar takardun ka zazzage a kan tabarma. Za ka ga iri uku ne, kuma rikita su shi ne kuskuren farko.

Akwai satifiket ɗin makaranta, na makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun ne, ko ta Kano, ko kwalejin jinya ta Birnin Kudu, ko difloma a fannin agajin gaggawa. Wannan ba ya mutuwa. Yana nuna ka taɓa yin karatu, iyakarsa ke nan.

Akwai lasisin aiki, wanda hukumar sana'arka ke bayarwa. Idan kai nas ne ko ungozoma, hukumar NMCN ce, lasisinta shekara 3 yake yi, kuma ba ta sabuntawa sai da shaidar bitar dole da ake kira MCPDP. Idan kai ma'aikacin lafiyar al'umma ne, wato CHEW ko JCHEW ko CHO, hukumar CHPRBN ce, wadda dokar soja mai lamba 61 ta shekarar 1992 ta kafa, ita ma tana da tata bitar dolen. A karkararmu yawancin masu shiga motar asibiti daga waɗannan gidaje biyu suka fito.

Na uku su ne katunan gajerun kwasa-kwasai, kowane da wa'adinsa. Katin BLS na ƙungiyar kula da zuciya ta Amurka, AHA, wato kwas ɗin farfaɗo da wanda numfashi da bugun zuciyarsa suka tsaya, shekara 2 yake yi, ya mutu a ƙarshen irin watan da aka bayar da shi. Katin PHTLS na kula da waɗanda suka ji rauni kafin a kai su asibiti shekara 4 ne.

'Yan kaɗan daga cikinmu, galibi waɗanda suka yi aiki da kamfanoni ko ƙungiyoyin ƙasashen waje, suna riƙe da shaidar NREMT, hukumar rajistar ma'aikatan agajin gaggawa ta Amurka. Ita duk shekara 2 ake sabunta ta, wa'adin na cika ranar 31 ga Maris. Mai matakin EMT, wato ma'aikacin agajin gaggawa na matakin ƙasa, awa 40 ta ƙarin ilimi ake nema gare shi: 20 a darussan da hukumar ta tsara wa kowa, 10 na jiha ko wurin aiki, 10 kuma zaɓin kansa. Wanda bai tara awoyin ba yana iya sake zama jarrabawa a madadinsu.

Gargaɗi: katin BLS ba ya tsaya wa lasisi, lasisi kuma ba ya tsaya wa katin BLS. Na sha ganin mai sabon kati fes yana taƙama, alhali lasisinsa ya daɗe a kabari.

2. Rubuta ranakun, ka ƙirga da baya

Sami takarda ɗaya ka rubuta sunan kowace shaida, wanda ya bayar, lambarta, da ranar mutuwarta. Manna ta a cikin murfin akwatin kayan aikinka, ka kuma ɗauke ta hoto. Daga kowace rana ka ja baya wata 6, wannan ita ce ainihin ranarka. Saka ta a kalandar waya.

Me ya sa wata 6? Saboda bita ba kullum ake yin ta ba, kuma shekararmu tana da watannin da ba naka ba ne. Daga Yuli zuwa Satumba zazzaɓin cizon sauro ya cika asibiti, hanyoyin yankin Haɗejiya, Auyo da Ringim ruwa na iya yanke su, babu in-cajin da zai sake ka kwana biyar. Akwai makonnin rigakafi da ake kwashe kowa. Akwai azumi da hidimar salla, lokacin aljihu ya yi ƙasa. In ka cire waɗannan, abin da ya rage maka bai fi tsakanin bayan girbi zuwa farkon bazara ba. Ni a nan nake cusa duk wata bitata.

3. Tambayi wanda zai karɓi takardar kafin ka biya wanda zai ba ka ita

Nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. Ba kowane satifiket mai zanen zinare a gefe hukuma ke ƙirgawa ba. Kafin ka tura ko sisi, nemi amsar abu uku daga ofishin hukumarka na jiha ko na shiyya, ko daga shugabannin ƙungiyar sana'arka: makin bita nawa ake nema a wannan zagayen sabuntawa, nawa ne dole su fito daga bitar hukumar kanta, kuma wannan mai shirya bitar yana cikin waɗanda aka amince da su? Amsar ta zo a rubuce, ko da saƙon waya ne, ka adana. Ƙa'idojin nan suna sauyawa, abin da abokinka ya yi shekara uku da suka wuce ba hujja ba ne.

Ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Sanarwa ta zagayo a WhatsApp, wai kwas ɗin ceton rai na ƙasa da ƙasa, yini ɗaya, a zauren wani otal a birni. Muka cika zauren, mun fi mutum sittin, mutum-mutumin gwaji guda ɗaya tal, shi ma malamin ne kawai ya taɓa shi. Aka nuna majigi, aka ci shinkafa, kafin la'asar an raba satifiket. Ranar da na miƙa shi inda ake buƙata, jami'in ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ina lambar tantancewa?" Babu. Kuɗin bita da na mota suka bi ruwa.

Alamomin da nake dubawa yanzu: in an ce ba sai ka zo ba, turo kuɗi a aiko maka, gudu. In babu gwajin hannu, ba kwas ɗin ceton rai ba ne. In an ce katin AHA ne, to ta imel yake zuwa, da lambar da kowa zai iya shigarwa a shafin ƙungiyar ya ga sunanka, kuma sai ka ci kashi 84 cikin 100 a rubutacciyar jarrabawa. Tambayi mai shiryawa mutum nawa ne a kan kowane mutum-mutumi. In ya fara kame-kame, ka sami amsarka.

4. Zaɓi kwas gwargwadon abin da motarka ke ɗauka

Bayan bitar dole, sauran zaɓinka ne, kuma a nan nake saɓa wa da yawa daga abokaina. Suna rububin kwas mai babban suna wanda ake koyar da karanta zanen bugun zuciya da na'urorin da ko a babban asibitin ƙaramar hukumarsu babu. Ni shawarata, buɗe rajistar motarka ta wata 12 da suka wuce, ka ƙirga me kuka fi ɗauka. A yawancin ƙauyukanmu lissafin ba ya wuce mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, mai jijjiga, jaririn da ya fito bai yi kuka ba, haɗarin babur da na mota, yaro mai suma saboda zazzaɓi, saran maciji lokacin noma da girbi, sai ƙuna.

Zubar jini bayan haihuwa shi zan sa a gaba. Abin da aka koya mana a makaranta ya motsa sosai. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mai zubar jini allurar tranexamic acid cikin awa 3 da haihuwa, bayan nan amfaninta ya wuce. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Ya nuna cewa auna jinin da ledar awo maimakon ƙiyasi da ido, sannan a haɗa matakan magani lokaci guda maimakon a jira wannan ya gaza kafin a gwada wancan, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Wanda rabonsa da bita tun kafin wannan, yana aiki ne da tsohon yayi, matar da ya ɗauko daga ƙauye zuwa asibitin Jahun kuma ita za ta biya.

Sai jariri. Horon Helping Babies Breathe ya ginu a kan minti ɗaya na farko: a tsane shi, a shafa bayansa, in bai yi numfashi ba a fara hura masa iska da jaka da abin rufe fuska kafin mintin ya cika. Riƙe ƙafafu a juye kai ƙasa ana mari, wanda har yanzu ake gani, ba ya cikin koyarwa.

A ɓangaren rauni, wanda ya ga abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta mutum sama da 150 suka rasu, ya san me ake nufi da majinyata su fi ƙarfin ma'aikata. Allah ya jiƙansu. A irin wannan dare ba yawan magani ke aiki ba, sanin wa za a fara ɗauka ne, wa zai iya jira, wa za a wuce da shi Kano kai tsaye. Wannan tantancewa da launuka, ja, rawaya, kore da baƙi, koyonta ake yi, kuma mantawa ake yi in ba a maimaitawa. Kwas ɗin kulawar gaggawa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross, ICRC, suka fitar a 2018, mai suna BEC, don wurare masu ƙarancin kayan aiki irin namu aka tsara shi. In ka ji ana yin sa kusa, kada ka bari.

Shi kansa BLS ba tsaye yake ba. Duk shekara 5 AHA ke yi wa ƙa'idojinta babban gyara. A 2010 aka mayar da danna ƙirji gaba da buɗe hanyar iska. A 2025 aka ce babba ko yaron da abu ya shaƙe, a buga bayansa sau 5, a matsa cikinsa sau 5, a yi ta maimaitawa. Wannan ne dalilin da ya sa katin ke mutuwa, ba don a tatse ka kawai ba, ko da yake tsadarsa na sa mutum ya yi wannan zargi.

Gargaɗi: abin da ka koya a bita bai faɗaɗa hurumin lasisinka ba. CHEW da littafin ƙa'idojin aikinsa, Standing Orders, yake aiki. In an koya maka wata allura ko dabara da ta wuce matakinka, sai da amincewar likitan da ke kula da ku.

5. Kuɗi da izini

Kada ka lissafa kuɗin rajista kaɗai. Jera su duka: kuɗin bita, kuɗin sabunta lasisi, tara in ka makara, motar zuwa da dawowa, kwana da abinci in a Dutse ne ko Kano, data, hoton fasfo, fotokofi, da ladan mai kafe. Sau da yawa mota da masauki sun fi kuɗin bitar. Katunan ƙasashen waje kuma da dala ake sayen littafinsu da katinsu, farashinsu na bin canji.

Haɗa jimlar ka raba da watannin da suka rage. A ce, misali, komai ya kama naira 120,000 kuma saura wata 24, naira 5,000 ke nan duk wata. Mu a wurinmu adashi muka kafa na mutum shida, ɗauka kuma ba ta bin ƙuri'a, wanda takardarsa ta fi kusa da mutuwa shi ke fara kwasa. In kuna da yawa a ƙaramar hukuma ɗaya, ku tambayi mai koyarwa ko zai zo da kayansa ya same ku, ya fi sauƙi a ɗauki nauyin mutum biyu da a kwashi ashirin zuwa birni. Kuma ka sa kunne: ma'aikatar lafiya, hukumar lafiya a matakin farko da ƙungiyoyin agaji suna shirya horo kyauta, amma sunan da ke kan teburin jami'in ƙaramar hukuma shi ake turawa. Je ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da kake nema tun kafin a buɗe.

Izini a rubuce za ka nema, mako 4 kafin ranar, ta hannun in-caji, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Ka nemo wanda zai riƙe maka duti da kanka, ka rubuta sunansa a takardar. Barin mota babu ma'aikaci don ka tafi koyon ceton rai, abin kunya ne da ba ya goguwa in wani abu ya faru a bayanka.

6. Karatun intanet a inda sabis ke wahala

Wasu darussan ana yin su a waya, kuma suna rage kashe kuɗi. Sai dai ka tabbatar hukumarka na ƙirga su, kamar yadda na faɗa a mataki na 3. Yi rajista da imel ɗinka na kanka, wanda ka san lambar sirrinsa, ba na mai kafe ba. Mutane da yawa katinsu na kwance a akwatin imel ɗin wani yaro da ya rufe shago ya tafi Legas. Ranar kasuwa ko ranar da ka kai majinyaci birni, sauke abin da ke saukuwa. Jarrabawar ƙarshe kuwa kada ka fara ta sai waya na da caji kuma sabis ya zauna, bayan sallar asuba ya fi. Da ka gama, sauke satifiket ɗin nan take.

Gargaɗi: BLS na AHA da ake farawa a intanet rabi ne. Sai ka je gaban malami ya gwada hannunka kafin kati ya fito.

7. Hannu ya riga takarda mutuwa

Katin shekara 2 ne, amma hannun da bai danna ƙirji ba wata shida ya riga ya fara mantuwa. Ranar gwaji ake gane wannan: mutum ya san amsa a baki, danna 30 hura iska 2, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, amma da ya durƙusa sai gwiwar hannu ta lanƙwashe, kafin minti biyu yana haki.

Maganinsa minti 30 sau ɗaya a wata. Ku tsayar da rana, mu Alhamis ta farko muke yi bayan an sallami masu awo. Wata ɗaya abu ɗaya: yau jaka da abin rufe fuska, wata mai zuwa ɗaure jini da ɗaurin karaya, na gaba sa wa mai jego rigar hana jini zuba, na gaba ɗaga majinyaci zuwa gadon mota. Babu mutum-mutumi? Buhun da aka cusa wa tsumma ya ishi koyon tsayuwar hannu da ƙirga, ko da ba zai nuna zurfi daidai ba. Kada dai a gwada danna ƙirji a kan mai rai. Ku sa direba a ciki, don a hanya shi ne hannunka na biyu, har da direbobin ƙungiyar NURTW da ke ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyuka in suna kusa.

Ku buɗe littafi: kwanan wata, abin da aka yi, tsawon lokaci, sunayen mahalarta, sa hannun in-caji. Ko hukuma ba ta ba shi maki ba, masu ɗaukar aiki suna girmama shi, mai shaidar NREMT kuma dama sai wani jami'in horo ya tabbatar da ƙwarewar hannunsa.

8. Tara shaida, ka miƙa

Kowane satifiket, kafin ka bar zauren, duba abu huɗu: sunanka, kwanan wata, yawan maki ko awoyi, da sa hannu. Suna shi ne babban tarko. Muhammad a lasisi, Mohammed a satifiket, Moh'd a rasit, ga mai tantancewa mutum uku ne. Yadda yake a lasisi haka za ka rubuta ko'ina, har jerin sunayen. In an yi kuskure a gyara a ranar, bayan wata uku ba za ka sami mai ɗaga wayarka ba.

Ajiye kwafi uku: na asali a cikin leda a akwatin ƙarfe, sama da ƙasa saboda gara da ruwan damina, fotokofi a fayil ɗinka na ofis, hoto mai kyau kuma a imel. Ba na son a manne takardar asali da roba mai zafi, wasu ofisoshin ba sa karɓa, tambarin ma yakan ɓace.

Kuɗin hukumomin tarayya ta Remita ake biya. Fitar da lambar biyan daga shafin hukumar da sunanka, ka biya a banki ko ta waya, ka adana rasit da lambar. In mai kafe ne ke cika maka, zauna kusa da shi ka karanta kowane layi kafin ya tura.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ka tura kuɗin lasisi asusunsa na kansa zai "ƙarasa maka a Abuja", kada ka tura. Lasisin bogi ya fi mataccen lasisi haɗari, don shi laifi ne da kan kai mutum gaban kotu.

Bayan ka miƙa, buga shaidar miƙawar ka riƙe. Duba shafin duk mako biyu. In sabon ya fito, kai kwafi ofishin ƙaramar hukuma a sa a fayil ɗinka, sannan ka koma takardar nan ta cikin murfin akwati ka sauya ranar.

9. In ta riga ta mutu

Kada ka ɓoye, kada kuma ka taɓa kwanan watan da biro. Faɗa wa in-caji yau. Lasisi dai ana farfaɗo da shi, sai dai ka biya bashin shekarun da tara, ka kuma kawo shaidar bita, kuma kowace shekara ka ƙara nauyin ƙaruwa yake. Katin BLS da ya mutu, cibiyar horo na iya cewa ka sake cikakken kwas maimakon gajeren na sabuntawa, don haka faɗa musu ainihin ranar tun a waya, su gaya maka wanne za ka shiga da nawa za ka riƙo. In kuɗin ba zai ɗauki duka a lokaci guda ba, fara da lasisi, shi ne izinin taɓa majinyaci, katunan su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi kusa da abin da ke cikin rajistar motarka shi ne na farko.